Sabon Boxer a ƙofar gida, saura dubu 70 a aljihu: hular kwano, taswirar waya ko gyaran sit?

Malamin Gona, Kalgo

Assalamu alaikum jama'a. Ku taya ni murna. Bayan shekara biyu ina zubin adashi, ranar Talatar da ta wuce na fiddo sabon mashin Boxer, baƙi, ko ledar da ke kan sit ban cire ba tukuna. Tsohon Jincheng ɗin da na gada wurin yayana ya yi iya yinsa, Allah ya saka masa. Sau uku a daminar bara ina tura shi da ƙafa cikin taɓo har bakin kwalta, na ukun ne na ce to ya isa haka.

Aikina malamin gona ne. Ƙauyukan fadama nake zagayawa tsakanin Kalgo da Bunza, wani lokaci har ɓangaren Dakingari, wurin manoman shinkafa. Ina fita bayan asuba, in dawo da la'asar, in aiki ya yi yawa sai magariba. A rana nakan ci kilomita 80 zuwa 120, rabi kwalta, rabi burji da burtali da rairayi. Bayan na biya kuɗin mashin da na takardu, abin da ya rage mini naira dubu 70 ne, kuma abu uku ke jiran su.

Na farko hular kwano. Kunya ko ba kunya, shekara goma sha biyar ina hawan mashin ban taɓa mallakar ta ba. Mai shagon ya ɗora mini wata gyara, amma da na ɗaga sai na ji kamar ƙwarya, in na matse ta da hannu biyu tana lanƙwasawa. A kasuwa na ga iri uku: mai rufe kai da haɓa gaba ɗaya, mai buɗaɗɗiyar fuska, da wata wadda ake ɗaga gabanta sama. Zafin Kebbi kun san shi, a watan Afrilu ko hular zanna nauyi take yi wa mutum. Sannan ga maganar hular kanta: ba zan shiga zauren hakimi ko mai gari kai ba hula ba, to ina zan riƙa ajiye ta? Ban da tsiyar abokai, waɗanda tun yanzu sun fara kirana ɗan sama jannati.

Na biyu hanya. Bana an ƙara mini ƙungiyoyin manoma a wuraren da ban sani ba, daga ofis sai a turo mini wurin ta WhatsApp a ce in je. Watan jiya na yi awa biyu ina bulayi a fadama saboda wani dattijo ya ce mini in miƙe, in na ga tsamiya in karya dama, nan kusa ne. Tsamiya bakwai na ƙirga. Wayata Tecno ce, batirinta ba ya kai yamma, kuma mashin ɗin bai zo da wurin caji ba. In sayi abin maƙale waya a kan mashin ne, ko in bar ta a aljihu? A wurare da yawa kuma ba sabis.

Na uku sit. Shekarata 43, ƙugu ya fara magana. Abokai sun ce in kai wa mai kushin ya ƙara soso ya yi laushi kamar katifa. Ran Juma'a kuma nakan goya uwargida zuwa Birnin Kebbi gaida iyayenta, ita ma tana da nata ƙorafin.

Wanne zan fara, wanne zai iya jira? Masu sani a taimaka.

Kabu-kabu Tun 2007

Wa alaikumus salam. Allah ya sa a kashe lafiya, ya raba ka da sharrin ƙarfe. Malam, ni shawarata ka gyara sit ka zuba sauran a tanki. Ina cikin sana'ar nan lokacin da aka tilasta hular kwano a farkon 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai. Mun saya, mun sa wata biyu, muka rataye. Fasinja ba ya yarda ya sa wadda wani ya cire, ga gumi, ga tsoron abin da ba a rasa ba. Kai kuma da kake cikin daji, in ka rufe fuska ruf ka tunkari ƙauye ko shingen jami'an tsaro a wannan zamanin, me kake so a ɗauke ka? Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa.

Tsohon Bakanike, Jega

Malam, barka da arziki. Allah shi tsare, shi sa na neman halal na. Shekarata talatin da wani abu ina kwance mashin ina ɗaurawa, tun zamanin da Suzuki da Yamaha ad da gari, don haka bari in hwaɗa maka abin da nika gani, sauran kuma masu boko su ƙara.

Maganar sit da abokanka sunka ce a mai da shi katihwa, kak ka yarda. Soso mai laushi daɗinai na minti goma na. Ka hau ka ji awa sarki, kahin ka kai Bunza ya lotse, ƙashin zamanka na bisa robar ƙasa, kowane rami kuma sai ka ji shi cikin ƙugu. Abin da ka ɗaukar mutum tsawon yini soso mai tauri na, irin wanda aka haɗawa da gutsattsari a matse, shi aka sawa ƙasa, sannan a shimhiɗa mai laushi siriri bisa, kamar kaurin yatsa guda. In mai kushin ya ce zai cika maka shi shi yi tudu, ka tambaye shi ko ƙahwarka za ta kai ƙasa. Cikin rairayi da caɓi ƙahwa ita ta birki na ukku. In kana tsaye da mashin tahin ƙahwarka bai zauna ƙasa ba, sit ya yi tsawo, kuma ranar da kag goyo buhun taki za ka gane.

Amma ni da za ka ji tawa, kak ka taɓa sit ɗin nan yanzu. Sabo na, bai san ka ba, ba ka san shi ba. Ka hau shi wata guda tukuna. Sau da yawa wanda yaz zo mani da kukan sit, in na duba sai in ishe taya ta an cika mata iska ta yi tauri awa dutsi, don masu hwaci da yatsa suka awo. Ka duba littahin da anka ba ka da mashin, akwai awon iskar gaba da na baya, na mutum guda daban, na goyo daban. Ka nemi mai hwaci mai agogon awo. Sannan ka dubi shokan baya, in irin mai matakala na ƙasan sifirin, ana murɗa shi a ƙara tauri ko a rage. Ranar da za ka goya uwargida ko kaya a ƙara, ranar da kake kai ɗai a mayar. Shokan duka biyun su zan mataki guda, kak a bar ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Abin da zan ce ka yi ma sit yau ba shi cin kuɗɗi. In kana da buzun ragon layya da anka jeme da kyau, ka yanka daidai wurin zama, ka sa mai roba ta taya ka ɗaure ta ƙasa. Baƙar ledar sit in ta sha rana awa guda ƙohwar mai gari, sai ta gasa ka. Buzu ba shi ɗaukar zahi hakanan, kuma shina shan zuhwa. Illa dai in hadari ya taso ka cire ka sa cikin leda, don in ya jiƙe warinai sai ya kore ka gida.

Sai caji. Nan na yara ka ɓata ma mutane mashin. Za ka sayi ɗan abin cajin nan, yaro shi ɗaura waya biyu kai tsaye bisa batir, shi naɗe da leda, shi karɓi kuɗɗinai. Abin nan ko ba ka sa waya ba shina shan wuta kaɗan-kaɗan, batirin Boxer kuwa ƙarami na, kwana ukku ka ishe hon ya shaƙe. Ka ce a ɗauko wutar daga layin da ba shi kawowa sai an murɗa makulli, kuma a sa mai fis nai na kainai. In mai wayarin ya ce fis ba dole na ba, ɗauki mashin ɗinka ka yi gaba. Kuma ka tambayi inda kas saya ko taɓa wayarin na ɓata garanti, don wasu da sun ga an yanki waya sun wanke hannu. Kahin nan fawabank cikin jikka ya ishe ka.

Kak ka manta da juyen mai na hwarko wajen kilomita 500, kuma kak ka matsa mai wuta kahin inji shi saki. Da irin tahiyarka mako guda ka cika su.

Hular kwano kuwa, wadda anka ba ka gyara ka ba yara su yi wasa. Mashin nawa anka kawo mani nig gyara tas, mai shi ko bai dawo karɓa ba, sai magada.

Ma'aikaciyar Jinya, Argungu

Malam, Allah ya sanya alheri. Baba na Jega ya gama magana a kan sit, ni kan hula zan tsaya, domin a ɗakin da nake aiki ne ake kawo waɗanda ba su sa ba.

Ɗan'uwa mai kabu-kabu, gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne yawancin waɗanda muke karɓa ba gudun fitar rai suke yi ba. Akuya ce ta gitta, ko taya ta zame a yashin da ruwa ya tara a kwana, ko yaro ya faɗo titi. Mutum ya faɗi, gwiwa ta ɗan kurje, hannu lafiya, amma ƙeya ta bugi gefen kwalta. Karaya muna ɗorawa ta warke. Ƙwaƙwalwa in ta kumbura cikin ƙoƙon kai ba ta da wurin zuwa, sai a ce a wuce da shi Birnin Kebbi ko Sakkwato a yi hoton kai, kuɗin mota da na hoton kaɗai sun haɗiye kuɗin hula mai kyau. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi, ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69.

To wace iri? Abin da ke ceton kai ba ƙwanson waje ba ne kaɗai. Ka ɗaga yadin ciki ka leƙa, za ka ga wani farin abu mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firij ko talabijin da shi a kwali. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugu maimakon kanka. A hula ta gaske kaurinsa ya kai inci guda ko kusa, ya zagaye ko'ina. A ta bogi sai ka tarar da soso mai laushi kawai, ko ɗan siririn abu a tsakar ka. Ta masu aikin gini ma da wasu ke sawa ba ta wannan aikin ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, da ka faɗi ita ce ke fara tashi. Kuma farin abin nan sau ɗaya yake aiki. Hular da ta taɓa shan bugu da kai a ciki ta gama, ko da waje bai nuna ba. Shi ya sa ban son ta gwanjo, ba ka san tarihinta ba.

Ka duba tambari. Na Turai shi ake kira ECE, kuma ba sitika ba ce a ƙeya, ɗan ƙyalle ne da aka ɗinke a jikin maɗaurin haɓa, da harafin E da lamba cikin da'ira, sai dogayen lambobi da ke farawa da 05 ko 06. Mai 06 shi ne sabon ma'auni, gwajinsa ya fi tsanani. Hulunan Indiya irin su Studds da Vega da Steelbird suna ɗauke da tambarin ISI na ƙasarsu, kuma su ne suka fi kusa da aljihun irinmu. Wanda aka rubuta DOT na Amurka ne, amma shi kamfani ne da kansa ke cewa ya cika sharaɗi, ga shi kuma kowa na iya buga sitikar ya manna, don haka in shi kaɗai ka gani, ka ƙara da duban cikin da nauyin. Mai rufe fuska ta gaske takan kai wajen kilo ɗaya da rabi.

Awo kuma ka riga ka san naka ba ka sani ba. Lambar hular zannarka inci ce. In kana sa 22 da rabi, kanka santimita 57 ke nan, wato hular kwano mai lamba M. In 23 da rabi ne, ka kusa 60, wato L. Amma ka sa tela ya zagaya maka tef saman gira don ka tabbata, kuma kada ka aika a sayo maka. Ka sa ta a shagon, ka ɗaure maɗauri har yatsa biyu ne kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa, ka kama ta da hannu ka juya hagu da dama. In fatar kumatu da goshi na bin ta, daidai ne. In tana yawo ita kaɗai, ta yi yawa. Ka sa wani ya kama ƙeyarta ya yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba, in ta fita a ajiye. Sabuwa takan ɗan matse kumatu, wannan zai saki. Wadda ke cizon goshi a wuri guda ba za ta saki ba, ka zauna da ita minti goma kafin ka biya, mai shago ya yi haƙuri.

Ni mai rufe haɓa nake ba ka shawara. Haɓa da muƙamuƙi suna cikin wuraren da suka fi shan ƙasa, kuma na ga mutanen da aka ɗaure wa baki da waya makonni suna shan kunu da tsinke. Amma maganar shingen tsaro da ɗan'uwa ya kawo ba wasa ba ce, don haka in ka samu mai ɗaga gaba ta kirki, ita ce ta dace da aikinka: tun daga nesa ka rage gudu, ka ɗaga, a ga fuskarka. In ka ga P/J a ƙyallen nan, an gwada ta a rufe da a buɗe. Ka zaɓi fara, ba ta jan zafi kamar baƙa kuma direba na hango ka. Gilashin ya zama garau, mai duhu da magariba makanta ne, balle cikin hazon hunturu.

Abu na ƙarshe, uwargida. Kanta ba na ƙarfe ba ne, kuma wanda aka goya, musamman mai zaman gefe guda, shi ke fara barin mashin. Ko ba a samu tata yanzu ba, don Allah duk ranar da za ku fita ta tattare hijabi da zani ta danne a cinya. Mun sha karɓar mata da hijabi ya shiga tayar baya ya fizgo su ta wuya.

Kabu-kabu Tun 2007

Hajiya, na ji kuma ban musa ba. Maganar hijabi kam gaskiya ce, ni kaina ba na tashi sai na waiga na ce a tattara. Amma ki faɗa masa gaskiya, a watan azumin da ya faɗo cikin bazara zai sha wuya a cikinta.

Ma'aikaciyar Jinya, Argungu

Zai sha, ban ɓoye ba. Ya nemi mai ƙofofin iska a goshi da haɓa, wadda ake cire yadin cikinta a wanke. Ya sa 'yar hular yadi siririya a ciki, in zafi ya yi tsanani ya jiƙa ta. Tafiya ake jin iska, tsayuwa ce ke dafa mutum, shi kuma ba jiran fasinja yake a rana kamar ku ba.

Ɗan Safiyo, Gusau

Yaya Malam, ina taya murna. Ni awon filaye nake yi, yawon daji da waya shi ne abincina, bari in ɗauki na biyun.

Sabis da GPS abu biyu ne daban. Sabis daga ƙarfen kamfanin waya yake zuwa. GPS kuwa daga taurarin ɗan'adam ne da ke sama da nisan wajen kilomita 20,000, wayarka saurare kawai take yi, ba ta buƙatar sim ko data. Mu a Zamfara mun ga wannan da idonmu a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya. Ba kira, ba saƙo, amma ɗigon nan mai shuɗi da ke nuna inda kake a taswira yana nan yana bin mutum. Abin da ke ɓacewa in ba data shi ne hoton taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon. Don haka ka sauke ta tun kana gida. A Google Maps akwai wurin sauke yanki, ka ja akwatin ya rufe daga Birnin Kebbi har Kamba da Jega. Tun 2019 sun sa zaɓin hanyar mashin a Najeriya, yana da amfani cikin gari in da data.

Sai dai kada ka sa rai da yawa. Taswira ta san kwalta da manyan burji, ba ta san burtali ba, ba ta san mashigin da ake ƙetarawa da rani amma a Agusta sai da kwalekwale ba. Sunayen ƙauyuka ma wani a rubuce ba daidai ba, wani babu shi, Tunga kaza kuwa sai ka samu uku masu suna ɗaya. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in gina tawa. Ka sauke manhajar taswira ta OsmAnd ko Organic Maps, dukansu suna aiki ba data kuma suna iya zana sawun inda ka bi. Ranar farko da za ka sabon ƙauye, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ka kunna zanen sawu, ka jefa wayar a aljihu. Da ka isa ka adana da sunan wurin da lokacin, misali "gonar ƙungiya, hanyar rani". Ka sa alama a kan mashigi, da wurin mai faci, da inda ake sayar da fetur a kwalba, da tudun da ake samun sabis. Kafin kaka kana da taswirar da babu mai irinta a ofishinku. Wurin da ake turo maka ta WhatsApp kuma ka buɗe shi tun kana da sabis ka adana, ko ka ce su turo lambobin nan guda biyu na GPS da ke nuna wurin ka kwafe a littafinka, ko'ina ka zuba su za su kai ka.

Abin maƙale waya ba na hana ka, amma ga abin da na gani. Rana ta Kebbi a kan fuskar waya, ga caji, ga GPS, sai ta yi zafi ta rage haske ko ta daina caji, batir kuma ya kumbura da wuri. Girgiza na kashe kyamarar manyan wayoyi, har kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi a kan haka a 2021. Ƙananan wayoyi ba su cika samun wannan ba, su bakin caji ne ke sakwarkwacewa saboda igiya na rawa a ciki. Mai arha na roba kuma a gargada yake sakin waya, ka juyo kana nema cikin shinkafa. In dole ne, ka sayi na ƙarfe mai kama kusurwa huɗu, wanda ake ɗaurewa da noti, ka ƙara da robar da ke riƙe wayar. Ni dai tawa tana aljihun gaba, in na zo mararraba in tsaya, in sauke ƙafa, in duba. Daƙiƙa biyu da za ka kalli waya kana kilomita 60 a awa, ka ci fiye da mita 30 ba ka ga hanya ba.

Abu biyu da waya ba za ta yi maka ba. Ba za ta gaya maka yau hanya kaza ba lafiya ba, wannan sai 'yan tasha da masu kabu-kabun yankin da mai garin da za ka wurinsa, ka kira shi kafin ka taso. Kuma ba za ta gaya wa gida inda kake ba sai ka sa ta. In za ka fita, ka tura wa uwargida ko abokin aiki wurinka na kai-tsaye a WhatsApp, akwai na awa 8. In sabis ya yanke zai tsaya a inda ya gan ka na ƙarshe, wannan ma wani abu ne. Dattijon tsamiya kuma kada ka daina tambayar irinsa, ka dai riƙa cewa tsamiya ta nawa.

Malamin Gona, Kalgo

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga yadda ta kaya.

Jiya na shiga Birnin Kebbi da tef ɗin matata a aljihu. Kaina 58. Shago huɗu na shiga, a biyu ina ɗaga yadin ciki mai shago na kallona kamar jami'in kwastan. Wata mai kyan fenti, da DOT ɓaro-ɓaro a ƙeya, da na leƙa ba komai ciki sai soson wanka. A na huɗu na samu fara mai ɗaga gaba, 'yar Indiya, da tambarin ISI, farin abin nan da Hajiya ta faɗa ya kai kaurin babban yatsana. Na zauna da ita a kan benci minti goma ina zufa, yaran shago na dariya. Ta cinye fiye da rabin kuɗin, ban ji daɗin ƙirga su ba, amma na ƙirga.

Baba na Jega, ranka ya daɗe, maganarka ta fito. Na kai wurin mai agogo, tayar baya an yi mata iska fiye da abin da littafi ya ce nesa ba kusa ba. Da aka rage sai na ji kamar an canza mini mashin. Sit na bar shi yadda yake. Buzu kuma akwai na layyar bara, sai dai wanda tsohuwa ke salla a kai ne, da na buɗe baki ta ce in jira Babbar Salla. Na sayi fawabank da ragowar, caji a jikin mashin sai bayan juyen mai zan kawo maka Jega ka duba da kanka.

Ƙanena na Gusau, na sauke taswirar, yau na zana sawuna na farko daga bakin kwalta zuwa wata tunga bayan Bunza, kilomita 11, da mashigi biyu. Da na nuna wa shugaban ƙungiyar layin a waya sai ya ce ai na yi zagaye, akwai ta kusa in ruwa ya janye. Na ce to ranar ita ma za mu zana ta.

Hular zanna na samo mata dabara: robar fenti ƙarama mai murfi, na ɗaure a kariya, tana shiga daidai ba ta karye ba. In na iso bakin gari sai in tsaya gindin bishiya in yi canji. Mai kabu-kabu, ka ga robar fenti ta dawo aiki, amma wannan karon ba a ka ba.

Saura ta uwargida, sai albashi. Hajiya, a nan ne nake da tambaya: ita da hijabi za a auna kan nata ko ba hijabi? Kuma takan yi kitso mai tudu a ƙeya, ta ce in dai sai ta tsefe kafin ta sa, to in tafi Birnin Kebbi ni kaɗai in gaida mata su.